Tsoho Mai Adda a Kasuwar Carigara

Manang Dolor mai kifi ba ta taɓa ganin tsohon nan ba. Yana tsugune gefen rumfarta da tarin kwakwa, siriri ne, hannun hagunsa babu yatsu biyu, wani tsohon tabo ya taso daga kunne ya shige wuyan riga. A ƙugunsa akwai sundang, doguwar addar nan ta manoma, ƙotarta ta ƙaho har ta yi sulɓi don riƙo.

Sai ihu ya tashi. Mahaukacin kare ne, baki duk kumfa, ya cafke ƙafar Berting ɗan dako yana fizga, jini na tsiyaya. Maza sai hayewa tebura suke yi.

Tsohon ya miƙe ba gaggawa. Sara ɗaya, ƙashin wuyan karen ya ce ƙas, jini ya fantsama har kan kifin Dolor. Amma abin da ya kashe mata jiki shi ne addar ba ta sauka ba. Ya juya da ita a sama, daidai wuyan mutum, yana neman wanda zai zo masa ta baya. Ba kowa sai mata masu kayan miya.

"Tatay," ta ce, wato baba, "a gona ka koyi wannan?"

Yana goge kaifin da ɓawon kwakwa, bai ko ɗago ba.

"A faɗan da aka yi a kan gona dai, 'yata." Ya mayar da addar kube. "Ku kai mutumin nan asibiti mana, kun tsaya kallona."