Iya Ba Ta Taɓa Son Daddawa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda duk Ƙofar Marusa ke kira Iya mai daddawa. Mutane kan tambaye ni ya ƙarin haƙuri, in ce da godiya, don ita ce amsar da ake jira. Gaskiyar magana ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Aikina hulɗa da jama'a ne, a wata ma'aikata da ke GRA. Na daɗe ina rubuta wa manya jawabi, ina kiran 'yan jarida, ina gyara magana har ta yi daɗin ji. Shi ya sa da ƙanwata Binta ta yanke shawarar ci gaba da sana'ar Iya a zamanance, a niƙa daddawar, a zuba a roba, a manna takarda, wurina ta zo. "Yaya, yanzu kaya ba sa tafiya sai da labari," in ji ta. "Ka rubuta mana wani abu a kan Iya."

A zama ɗaya na rubuta. Na ce Iya ta gaji sana'ar daga kakarta, kakar ma gada ta yi. Na ce tana wanke kalwa tana waƙa. Na ce ba ta taɓa ɗora tukunya da ɓacin rai ba, wai don daddawar da aka dafa da fushi ba ta daɗi a miya. Wallahi ko ɗaya ba a yi ba.

Iya ta koyi daddawa ne da girmanta, bayan Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba, a wurin wata mata 'yar ƙauye da ke haya a gidanmu. Kuma ta tsani aikin. Yini guda ana dafa kalwa, hayaƙi ya ci mata ido, surfe ya fasa mata hannu. In aka rufe kalwar ta kwana uku, warin kan bi tufafinmu har makaranta, yara su riƙa toshe hanci. Iya ba ta waƙa. Tsaki take yi, da mita, da faɗa da mai itace. Ranar da Binta, tana 'yar ƙarama, ta ɗauki taɓarya za ta taya ta, fizgewa ta yi. "Mi ya kai ki? Tashi ki ɗau littahinki! Randa na mutu ku hwasa tukunyar nan."

Ba mu fasa ba. Ni ne ma na sa aka ɗauki hoton tukunyar aka ɗora a takardar.

Sauran aikin kuwa a hannuna yake. Na kira 'yan jaridar da na saba da su, na aika wa kowa roba biyu ya kai gida. Na gayyato 'yan matan nan masu shafuka a intanet, suka zo da wayoyinsu suna toshe hanci da mayafi, da an fara ɗauka kuma su hau murmushi. Ɗaya ta ce bidiyon na bukatar hannun tsohuwa, sai muka aro na wata maƙwabciya. Labarin ya kai Abuja, ya kai Legas. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tamu ta yi. Yau matan unguwa da dama a wurin Binta suke samun abin sawa a bakin salati, kuma ba zan ce wannan ba alheri ba ne.

Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce da za ta leƙo. Ba na jin ƙaryar ce za ta fara damunta. Hannun Binta za ta kama ta juya, ta duba tafin, sannan ta dube ni ta ce karatun namu a nan ya ƙare?

A watan nan wata 'yar jarida daga gidan rediyo ta nemi yin shiri a kan Iya, tana son wanda ya yi aiki da ita. Mutum ɗaya ta rage, Inna Ladi, ƙanwar Iya, wadda ta yi shekaru tana taya ta surfe kafin ta koma Ƙofar 'Yandaka. Na raka 'yar jaridar da kaina, na zauna kusa, yadda nake zama kusa da maigidana na ofis a gaban manema labarai, don in tare maganar in ta karkace.

Ba ta karkace ba. Inna ta ba da labarin kakarsu da tukunyarta. Ta ce Iya ba ta dafa kalwa da fushi. Da aka tambaye ta waƙar, sai ta rera baiti biyu, ni da na ƙirƙiri zancen waƙar ban taɓa sa mata baiti ba. Ta share hawaye da bakin zani. 'Yar jaridar ta ce ba ta taɓa samun hira mai daɗin wannan ba.

Bayan ta tafi na ce, "Inna, ai kin san Iya ba ta son aikin nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai Sani, ka ji tsoron Allah. Uwarka ce hwa. Duniya ta ji, ga shi a rubuce jikin roba, kai kaɗai za ka zo ka ce ba haka ba?"

Na ce ai ni na rubuta.

"To ai shi ya sa," in ji ta. "Da ba gaskiya ba ne za ka rubuta?"

Na yi mata sallama na fito. Ban ji haushinta ba, ban ma ji haushin kaina ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

To me ya rage na Iya? Sunanta na nan a kantuna, cikin labarin wata mata mai fara'a da ban taɓa zama da ita ba. Ita kuwa wadda ta tsani tukunya, amma ta tashi ta hura mata wuta kowace safiya don kada mu gaje ta, ni na goge ta da hannuna, saboda labarinta ba ya sayar da kaya. Binta ba ta tuna da yawa, Inna ta zaɓi wadda ta fi daɗin tunawa. Saura ni, kuma ni ma na fara haɗa su biyun.

Ranar Juma'a na je maƙabarta. Na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, na rasa fuskar da zan sa a gaba. Sai kawai na ce Allah ya jiƙan Iya. Shi ya san wadda nake nufi.