Kujerar Kusa da Wasilatu

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kumasi daga tashar Tamale ya san Mba Zubeiru, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Shi ne bukman, mai yanka tikiti da zaunar da fasinja. Gajeren mutum ne mai ɗan farin gemu, hularsa kullum a kwance gefe guda, kuma Allah Ya ba shi ido. Kallo ɗaya zai yi maka ya san inda ya dace da kai. Mai goyo kusa da ƙofa, tsoho bakin taga saboda goronsa, mai ƙiba a haɗa shi da siriri. Kuma bai taɓa ba kowa dalili ba. "Masa," wato maigida a bakin 'yan tasha, "matsa kaɗan," shi ke nan, sai ka ga ƙato da akwatinsa ya matsa.

Matarsa Wasilatu tana sayar da koko da ƙosai a unguwar Changli tun suna amarci. Sun tsufa tare, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa jin ya ce "matata" a gaban mutane. In zancenta ya kama sai ya ce "mutanen gida", kamar wata runduna ce ya ajiye a tsakar gidan. Haka ya ga ubansa yana yi, haka abokansa na tasha suke yi, kuma a wurinsu namijin da ke liƙe wa matarsa a bainar jama'a abin dariya ne har ya mutu.

Akwai abin da su biyu kaɗai suka sani. Yanar ido ta fara rufe wa Wasilatu gani, tana ganin haske da inuwar mutum, amma ƙananan abubuwa sun ɓace mata. Ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har ɗansu, don ita ba za ta zama abar tausayi a unguwar da ta ciyar ba. Shi kuma ya samo hanyarsa. Zai shigo gida yana faɗa da iska, wai wa ya bar bokiti a bakin ƙofa, wa ya ajiye turmi a hanyar madafa, ita kuma ta ji ta kauce. Maƙwabta suka ce tsufa ya sa Mba Zubeiru mita. Bai damu ba.

Sai ga ɗansu Abdul-Hakim, mai tuƙa tasi a New York, an yi masa haihuwa, ya ce lallai iyayensa su zo su ga jika. Ranar da zai sayi tikiti ya bugo waya ya tambaya ko a zaɓa musu kujeru kusa da juna. Tsautsayi ya sa wayar ta sami Zubeiru a kan bencin tasha, abokansa sun kewaye shi, kowa ya baza kunne. Ya ɗaga murya ya ce su ba yara ba ne, ko'ina aka samu a ba su. Abokan suka gyaɗa kai, shi ma ya ji daɗin kansa.

Bai san abin da ya jawo ba sai da suka shiga babban jirgin a Accra. Wata ma'aikaciya 'yar Ghana, Francisca, ta karɓi takardar Wasilatu ta kai ta bakin taga can gaba, shi kuma aka yi ta nuna masa baya, baya dai, har ya fara zaton ta wata ƙofar za a fitar da shi. Kujerar tsakiya ce kusa da banɗaki. Gajere ne, amma gwiwarsa sai da ta gaisa da kujerar gaba. Na damansa ya kwashe hannun kujera ɗaya, na hagunsa ya kwashe ɗayan, na gabansa kuma jirgi na tashi ya kwanto da kujerarsa har kan cinyarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cusa mutum biyar a mazaunin huɗu, yau ya ɗanɗana. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Amma ba matsin ne ya dame shi ba. Tafiyar ta kai ta Tamale zuwa Accra a mota, kuma babu zango irin na garin Kintampo da za a tsaya a miƙe ƙafa. Ya san Wasilatu. Ba za ta gane maɓallin kiran ma'aikata ba, ba za ta tambayi baƙo ya buɗe mata abinci ba, kuma ko ruwa ba za ta sha ba don kada ta buƙaci a nuna mata hanyar banɗaki. Haka za ta zauna ƙyam da carbinta har Amurka. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa kuma ya fi tausayin yawa.

Da wani mutum ne, sai ya tashi kawai ya je ya roƙi na kusa da ita. Ba Mba Zubeiru ba. Shi so yake ya isa kujerar nan kamar ƙaddara ce ta kai shi. Ana kashe fitilar ɗamara ya miƙe, ya gyara hula, ya bi layi yana nazarin fasinja kamar yana tasha. Ga wani dogon saurayi a naɗe a tsakiya, ga wata mai jariri an raba ta da ƙanwarta, ga wani tsoho Ba'indiye yana ta leƙen taga ta kan mutane. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya fara aiki. Turancinsa na tasha ne, amma muryar mai ba da umarni ba ta buƙatar tafinta. Wannan ya koma can, wancan ya dawo nan, shi kuma duk musanya sai ya ci layi biyu ko uku zuwa gaba, kamar ɗan dara. Har wata Baturiya ta yi masa godiya, ta ɗauka ma'aikaci ne.

Ya kusa rabin hanya aka turo keken abinci, nan asiri ya tonu. Ashe a jirgi wasu abincinsu na musamman ne, kuma lambar kujera yake bi, ba fuska ba. Aka dire wa tsoho Ba'indiye, wanda ko ƙwai ba ya ci, cinyar kaza. Dogon saurayin nan kuwa ya buɗe nasa ya tarar da ganye da dafaffen wake, ya ce shi bai yi wa kowa laifi ba. Francisca ta bi sawu, kowa ta tambaya sai ya nuna mai hula. Ta zo da murmushin da ya fi tsawa zafi, ta ce masa nan ba tashar mota ba ce. Ya miƙa mata goro don a yi sulhu, ta ce ta gode, ya koma kujerarsa. Aka mayar da kowa inda yake, aka raka Mba Zubeiru har bakin banɗaki.

Ya zauna da farantinsa bai ci ba, yana kallon ƙananan ƙunshe-ƙunshen gishiri da sukari da man shanu, waɗanda shi mai ido ma sai ya juya su sau biyu. Rana ta ƙi faɗuwa, ta liƙe a taga kamar ita ma tikiti ta saya. Da aka zo kwashe kwanuka ya ɗaga wuya, ya hango Francisca ta ɗauko farantin bakin tagar can gaba. A rufe yake kamar yadda aka kai shi.

Wannan karon bai yi dabara ba, ya miƙe ya tafi kai tsaye. Na kusa da Wasilatu wani dattijo ne ɗan kudu, Kwasi, tsohon malamin makaranta da ya daɗe yana koyarwa a unguwar Vittin ta Tamale, yana jin Hausar kasuwa. Zubeiru ya gaishe shi, ya tambayi gida da gajiya, sannan ya ce, "Masa, tashi mu canza."

Kwasi ya cire abin kunnensa ya ce don me. Zubeiru ya ce kujerarsa tana kusa da banɗaki, ta dace da dattijo. Kwasi ya ce cikinsa lafiya lau. Zubeiru ya ce a baya jirgi ba ya girgiza. Kwasi ya yi dariya ya ce ƙarya ce, kuma ai ya ga abin da ya faru da kaza, shi ba zai motsa ba sai an ba shi dalili.

Dalili biyu ne kawai a duniya, ɗaya kuma ya rantse ba zai faɗa ba. Wasilatu ta juya fuskarta taga tana jan carbi, ko tari ba ta yi don ta taimake shi ba. Francisca kuma ga ta nan tafe, na kewaye duk sun zuba ido. Zubeiru ya ji gumi yana bin ƙeyarsa cikin sanyin nan.

"Wannan matana ne," ya ce. "Ina so in zauna kusa da shi."

Kwasi ya dube shi, ya dubi tsohuwar, ya tattara bargonsa da takalmansa. "To me ya sa ba ka faɗa tun Accra ba?" Francisca ta koma baya ta dawo da wani farantin mai zafi.

Zubeiru ya zauna, kunya kamar ya nutse. Ya buɗe farantin, ya yaga ƙunshin gishiri, ya sa mata cokali a hannu, yana mita ƙasa-ƙasa wai shinkafa tana dama, nama yana hagu, wane irin mutane ne ke ajiye kofin ruwa dab da gwiwar hannun mutum. Wasilatu ta riƙe cokalin ba ta ɗiba ba.

"Injin nan ya cika ƙara," ta ce. "Me ka gaya ma mutumin?"

Ya ce ai ta ji. Ta ce ita ba ta ji komai ba, kuma ba za ta ci ba sai ta ji. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sunkuyo dab da kunnenta ya sake faɗa. Ta goge gefen idonta da bakin mayafi, sannan ta fara cin shinkafarta.