Inda Rana Take Kwana

A gidanmu na Daudawa, idan bazara ta kama, ba a barin wuta ta daɗe a murhu. Ana sauke tuwo Kaka za ta sa a janye itacen a yayyafa masa ruwa, ta ce zafin da Allah ya saukar ya ishe mu, ba sai mun ƙara da namu ba. Sai 'yan garwashi su rage suna lumshewa cikin toka. Nesa kaɗan da wannan tokar ake shimfiɗa tabarma bayan an ci abinci, mu jikoki mu kewaye ta, mahaifiyata Inna kuma tana gefe tana wanke-wanke kamar ba ta jin abin da ake faɗa.

Kaka ita ta haifi Babanmu. Gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin harshe, goro a kumatu, mafici a hannu. Ni take kira maigida, kuma kullum sai ta kai ƙarata wurin jama'a cewa tun da ta aure ni ko gishiri ban taɓa sayo mata ba. Ɗakinta soro ne na azara, bangonsa mai kauri, tagarsa 'yar ƙarama can sama. A yamma da shi akwai wani tsohon iccen bedi, wato darbejiya, da ya riga Babanmu zuwa duniya. Da hantsi takan saki asabari ta rufe ɗakin ruf, ba ta buɗewa sai rana ta faɗi. Mu muna ɗauka rowa ce, kada mu shiga mu taɓa mata ƙuli-ƙuli. Amma duk wanda ya shiga ɗakin nan da tsakar rana ba ya son fitowa.

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su. Ɗaya ce ta zauna mini, wataƙila don ba ta yin ta sai a irin daren da iska ta tsaya cik, zufa na bin bayan kowa. Takan buga mafici a gwiwa ta ce, “To ga wata nan tahe, mai kunne ya matso.” Mu ce ta iso lafiya.

Ta ce wai Rana ba ta da ɗakin kanta. Yini take tana tafiya, idan ta karkata yamma gajiya ta kama ta sai ta shiga neman masauki. Wata rana ta nufi gidan wata tsohuwa, sai ta iske icce tsaye a ƙofar yamma. Iccen nan kuwa mai ladabi ne. Ya tare ta da gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gabas ɗaya bayan ɗaya, har da awakinsu. Kafin su gama la'asar ta yi sakaliya. Da ƙyar Rana ta zille ta faɗa cikin bango, ga bango da kauri, ta yi ta kutsawa ba ta kai rabi ba aka kira magariba. Dole ta juya ta tafi, tsohuwa ta yi barcinta har da jan zane.

A garin kuma akwai wani mutum da ya je fatauci ya dawo da dukiya. Ya dubi gidan ƙasa na ubansa ya ji kunya. Ya rushe shi, ya sare iccen da ke tsare masa ido, ya yi rufi da ƙarfe mai ƙyalli don a hango shi daga bayan gari, ya buɗe taga ƙatuwa tana kallon yamma. Da Rana ta iso ba ta tarar da mai tsayar da ita ba. Ta shige, ta kwanta a bango, ta kwanta a gado, ta leƙa randa ta mai da ruwan sha na wanka. Mutumin ya ɗauko mutum goma da mafitai, suka kwana suna fifita. Su kora ta wannan kusurwa, ta koma waccan. A ƙarshe ya bar mata gidan, ya koma kwana a bakin hanya da dukiyarsa duka.

Na tuna na taɓa tambayarta me ya sa bai sa an fitar da ita da sanda ba. Ta dube ni ta taɓe baki. “Ji maigidan banza. In ta shiga ba ta hita sai ta ga dama. A waje ake tare ta.”

Muka yi dariya, muka yi barci. Kaka ta rasu ina makarantar horon malamai, ni kuma na ajiye tatsuniyar inda ake ajiye kayan yara.

Aikin koyarwa ya kawo ni Ƙanƙara, na yi aure, bayan shekaru na samu fili na fara gini da bulo. Akwai bedi a yammacin filin. Magini ya ce saiwarsa za ta fasa harsashi, ban ko yi gardama ba na sa aka sare shi. Da Babanmu ya rasu, zaman ƙauye kuma ya yi wuya, na je na ɗauko Inna. Ɗakin da ya fi kowanne na ba ta. Na sa masa taga mai faɗi ta gilas tana kallon titi ta yamma, don ta riƙa ganin mutane kada kewa ta dame ta. Kwano sabo fil, sai dai ban kai ga yin silin ba, na ce sai nan gaba. Ranar da ta shiga ɗakin nan ina jin kaina kamar na sauke wani babban nauyi, kuma ba zan ɓoye ba, har da alfahari.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama mun yi hira ido da ido ba, ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Idan na durƙusa a ƙofarta da safe na tambayi kwanan ɗaki, sai ta kau da kai ta ce alhamdulillahi. Ni kuma na ɗauki wannan alhamdulillahi a matsayin shaida cewa komai lafiya.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Na sayo mata fanka. Wuta ba ta zama, sai na sayo janareta, fetur ya shiga cinye albashina tun wata bai raba ba. Ban damu ba, gani nake hidimar uwa ce. Ana tsakiyar azumin, wata rana bayan la'asar, matata Hadiza ta shiga ta same ta kwance a ƙasa ba ta san wanda ke kanta ba, fanka na juyawa a samanta. Sai da aka ɗura mata ruwa ta farfaɗo. Ma'aikacin asibitin da ya duba ta ya ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki, lalle ta ajiye azumi na wasu kwanaki.

Tun da girma ya kama ta Inna ba ta taɓa shan azumi ba. Hadiza ta gaya mini cewa da aka miƙa mata kunu da rana tsaka washegari, ta riƙe kofin ta yi ta hawaye. Ba ciwon ne ya sa ta kuka ba. Tana ganin ƙila wannan ne azuminta na ƙarshe, ga shi ya ɓalle a hannunta.

Ni kuwa tunanina bai wuce in nemo fanka mafi girma ba. Da yammacin ranar bayan an sha ruwa, ina tsugune a bakin zaure ina fama da janareta, sai na ji Inna ta kira 'ya'yana kan tabarma a tsakar gida. Ta juya mini baya. Matar da ban taɓa jin ta yi tatsuniya ba ta ce, “To ga wata nan tahe, mai kunne ya matso.”

Hannuna ya tsaya. Ashe duk shekarun nan da take wanke-wanke a gefe tana ji. Ba ta bar komai ba, har awakin mutanen gabas. Da ta zo wurin da mutumin ya sare icce ya buɗe taga yamma, sai ta ɗan ɗaga murya. 'Yata Rabi, wadda ba ta barin magana ta wuce, ta ce, “Hajiya, to duk gidan ba wanda ya gaya mishi?”

Inna ta ce, “Akwai wadda ta gani. Bakinta ne ba shi iya hwaɗa mishi.”

Na tashi na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba sai dai in tsaya daga ƙofa. An yi sallar isha'i, amma da na ɗora tafin hannu a bangon yamma sai na ji shi kamar kaskon da aka sauke yanzu. Daga sama kwano na huci. Fankar da nake taƙama da ita wannan zafin take ɗebowa tana watsa wa tsohuwa mai azumi. Na daɗe a tsaye. Kunyar da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba.

Da gari ya waye ban je makaranta ba. Na sayo zana aka kafa rumfa a jikin bangon yamma, ta rufe tagar da bangon gaba ɗaya. Abin da na tanada don fetur na ba kafinta ya buga silin. Murhun Hadiza da ke jingine da bayan ɗakin aka mai da shi can gabas. Hadiza ta koma rufe tagogi da hantsi, ta buɗe su bayan magariba, yadda Kaka ke yi da asabarinta. Daga baya na sa aka shafa wa kwanon farin fenti. Janareta ya koma sai jifa-jifa ake tayar da shi, albashina ya fara ganin ƙarshen wata, amma wannan shi ne ƙarami a cikin abin da na samu. Inna ta kama azuminta a goman ƙarshe, bayan salla ta rama kwanakin da ta sha a cikin ɗakin nan, na shekarar da ta biyo baya kuma ta yi shi cif.

A inda na sare bedin can na dasa wani. Ban ce wa kowa ya ba shi ruwa ba. Sai na lura kullum gindinsa a jiƙe yake, ashe Inna ce ta mai da wurin wajen alwalarta, sau biyar a rana. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa yi mata ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan a kan wawan attajiri take. Yanzu na san kowa na iya zama shi, ko da da kyakkyawar niyya ya sari iccensa. Na kuma san cewa alhamdulillahin uwa ba amsa ba ce, sai ka shiga ka taɓa bango da hannunka.

Inna ta rasu a damina ta uku bayan haka, inuwar bedin ba ta kai ga rufe bangon ba. Bana da la'asar inuwarsa ta rufe bangon har kan kwano. Ɗakin ya fi ko'ina sanyi a gidan, kuma har yau ban iya sa kowa a cikinsa ba.