Tanderun Gwaggo Kaltume Ba Zai Rushe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 16 ga watan Afrilu, 2025, ana tsakiyar cirar albasa, Allah Ya karɓi ran gwaggona, ƙanwar mahaifina, Kaltume Abdulmumini, a gidanmu na Aliero, bayan gajeriyar jinya. An yi mata sutura bayan azahar. Mutanen da suka zo daga Jega da Maiyama da ƙauyukan Fagada da Katanga sun cika ƙofar gidanmu har suka tare hanyar motocin da ke lodin albasa, kuma ban ji direban da ya danna oda ba.

Na san akwai masu cewa ta'aziyya ba fagen jayayya ba ce. Ina girmama ra'ayinsu. Sai dai ke, Gwaggo, a tsaye kika rayu kina kare abin da kika yarda da shi, saboda haka zai zama cin amanar tarihinki in rubuta miki kalamai masu sanyi kamar waɗanda ake rubuta wa kowa.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda ake cika buhun albasa. Ƙanana da matsakaita su ne a ƙasa. Idan an zo baki, sai a zaɓo manya, jajaye, masu ƙyalli, a jera su a rufe da raga, domin su ne idon mai saye zai fara sauka a kansu. Muna kiransu fuskar buhu. Su ke hawa mota su tafi Kudu. Abin da ke shiga tukunyar manomi kuwa shi ne wadda fartanya ta sare, da wadda ta fara tsiro, da wadda gindinta ya yi laushi. Na yi shekaru a jami'a ina nazarin tattalin arzikin noma, na karanta ra'ayoyin masana iri iri a kan wannan tauye haƙƙi da manomi ke yi wa kansa da kansa. Ke ce mutum ɗaya da na gani da idona ta yi masa tawaye a aikace.

Bayan rasuwar mijinki kika dawo daga Jega, ke da 'yarki Mardiyya. A can kika koyi gasa gurasa wurin wata maƙwabciyarki, shi ya sa abu na farko da kika yi a gidan ubanki shi ne kwaɓa laka. Da hannunki kika gina tanderu a kusurwar tsakar gida, kusa da rudu, wato gadon karan da ake adana albasa a kai. Aka ba ki gayaunarki kika noma. Da aka cire, aka cika buhuna aka jera a zaure ana jiran dillali, sai kika ɗauki wuƙa da kwando kika yanke ragar buhu ɗaya, kika kwashe fuskarsa tas.

Ina yaro a lokacin, amma ban manta da ihun Baffa Yahaya ba, yayan mahaifina kuma mai gidanmu.

"Kaltume, mi na haka? Kin kware ma buhu fuska! Wa ka sayen buhu babu fuska?"

Ba ki ko ɗaga murya ba. Kika ce, "Yaya, mu munka shuka, mu munka yi ban ruwa, kuma mu ka cin ruɓaɓɓiya? Yau dai sai ɗiyan gidanga sun ɗanɗani abin da ubanninsu ka nomawa."

Ya kamata masu zarginki su fahimci cewa ba girman kai ya sa kika zaɓi fuskar buhu ba. Girkin ne ba ya karɓar wata. Kina yanke kan albasar, ki tsoma ta a tafasasshen ruwa ta ɗan saki jiki, sannan ki sa cokali ki ƙwaƙule cikinta a hankali, ki bar ɓawo biyu ko uku a tsaye kamar ƙaramin kasko. Albasa ƙarama ko mai rauni ba ta jure wannan, wargajewa take yi a hannu. Cikin da kika ƙwaƙule ba ya zuwa juji. Kina yayyanka shi ki soya da man gyaɗa da dakakken naman rago, ki zuba dafaffiyar shinkafa da attarugu da citta da 'yar daddawa. Sai ki cusa haɗin a cikin kowace albasa, ki mayar mata da kanta kamar hula, ki jera su a faffaɗan kasko da ɗan romo a ƙasa. Ba kya sa su a tanderu sai harshen wuta ya mutu, ya rage garwashi da zafin laka. Ki toshe bakin ki tafi harkarki. Idan kika buɗe, bayansu ya yi ja, yajin ɗanyar albasa ya gudu, zaƙi ya maye gurbinsa, ƙamshi ya tsallake katanga ya sanar da maƙwabta.

An kira wannan almubazzaranci. An kira shi abincin 'yan birni. Wasu ma, da suka rasa hujjar tattalin arziki, sai suka nemi ta addini, suka kai ƙara wurin Malam Waliyyu, limamin unguwarmu, cewa kina ciyar da maza albasa zalla suna shiga sahun sallah da warinta. Kika aika masa da kwano ɗaya. Ya ci, ya shaida wa masu ƙorafin cewa hanin a kan warin ɗanya yake, wadda wuta ta kashe kuwa babu laifi a kanta. Ya ƙara da tambayar ko akwai saura.

Ba ki taɓa sayar da ko ɗaya ba, duk da cewa an sha ba ki shawarar kafa tebur a bakin kasuwa. Matan da ke zuwa tsintar albasa a gidanmu, waɗanda ke wuni suna ware manya da ƙanana har idanunsu su yi ja, su ne ke fara ci kafin mazan gida. Mai jego a unguwarmu ta san kwanonki zai iso kafin suna. Ni kuwa, duk hutun da na dawo daga jami'a ina zuba miki bayanai a kan jari da ƙwadago da rarar amfani, sai ki saurara har in gama, ki ce, "Taufiƙu, wagga magana taka babba ta, sai an ci an ƙoshi." Ki tura mini kasko.

Baffa Yahaya kaɗai ya tsaya a kan bakansa. Duk ranar da kika kunna tanderu sai kin aika masa da nasa kason zaure, kuma duk ranar kwanon zai dawo wayam tare da saƙo ɗaya: yara ya ba, shi ba ya cin asara. Ba ki taɓa fasa aikawa ba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kashegarin addu'ar uku, tabarmin zaman makoki ba a naɗe ba, muka wayi gari Baffa ya kafa turaku a tsakar gida ya ɗaura igiya. Rudu zai faɗaɗa, kuma igiyar ta zagaye tanderunki. Ya ce da an yi bakwai za a fasa shi, tunda mai shi ta tafi. Ba zan yi masa ƙazafi ba, yana da dalili. Bara albasarmu ta ruɓe saboda cunkoso, kuma ilimin da na karanta bai musanta amfanin adana amfanin gona ba. Amma na tsaya a gabansa, cikin ladabin da ke wajaba a kan ɗa, na ce masa gidan da zai rushe wurin da yake ci domin faɗaɗa wurin da yake ajiye wa wasu, ya juya ma'anar noma a kanta. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, albasa ba ta jin Turanci." Ko kalmar Turanci ɗaya ban furta ba.

Mardiyya ba ta yi jayayya da kowa ba. 'Yarki ce. Ranar addu'ar bakwai, da aka fara shirin abincin sadaka, ta shiga zaure inda albasar gayaunarki ta bana take jere, ta yanke raga, ta kwashe fuskar buhunan ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina, wanda shi ma yana da haƙƙi a gadon, ya ce ya yafe nasa. Ni na ɗauko itace, na tsallake igiyar Baffa da shi a kaina, kowa yana kallo. Matan tsinta suka zo ba tare da an kira su ba, kowace da cokalinta, suka zauna ƙwaƙula. Hawayen da aka zubar a wurin ban san wanne ne na albasa ba, wanne ne naki.

Bayan an shafa fatiha aka fito da kasake. Na ga dattawan Fagada da Katanga, mutanen da suka tsufa a cikin fadama, suna juya albasar a hannu kafin su kai baki. Wani daga cikinsu ya ce tun da yake noma bai taɓa cin babba irin wannan ba, sai dai ya ɗora ta a mota. Wannan jimla ɗaya ta fi duk takardun da na rubuta a jami'a bayyana zaluncin da kika yaƙa.

Mardiyya ta durƙusa ta ajiye kwano a gaban Baffa, a gaban jama'a, inda babu yaran da zai ce ya ba. Ya jawo shi kusa. Ya cire hular albasar, ya gutsura, ya tauna a hankali. Sannan ya ce, "Mardiyya, daddawa ta yi yawa. Kaltume ba ta sa haka."

Babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Gwaggo, ina kyautata zaton ke kin daɗe da sani, shi ya sa ba ki taɓa fasa aikawa ba.

Da la'asar ya shiga tsakar gida shi kaɗai, ya tumɓuke turakun gefen tanderu, ya mayar da su ta wajen garken awaki. Bai ce ya janye ba, ni ma ban nemi ya faɗa ba. Amma ina sanar da duk wanda zai gaji gidan nan, ciki har da ni kaina, cewa igiya ba za ta sake zagaye wannan laka ba muddin ina numfashi. Duk shekara, buhun farko na gayaunarki zai fita kasuwa babu fuska, mai saye ya so ko ya ƙi.

Ya Allah, ga baiwarKa Kaltume ta zo gare Ka. Ta ciyar da bayinKa daga mafi kyawun abin da Ka ba ta, Ka saka mata da mafi kyawun abin da ke wurinKa. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya Aljannar Firdausi ta zama makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yar'uwata Mardiyya, da mahaifina Malam Ummaru, da dangin mijinta na Jega, da matan tsinta waɗanda suka rasa uwa. Ina miƙa ta musamman ga Baffa Yahaya, wanda ya rasa ƙanwa kuma ya rasa abokiyar gardama. Baffa, Allah Ya ba ka haƙuri. Kwanonka zai ci gaba da zuwa zaure, kuma Mardiyya ta ce za ta rage daddawa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Taufiƙ Ummaru, Aliero