Taku Uku da Ya Ja Baya

Kafin in haihu, ni ce matsoraciyar gidanmu a unguwar Lamisula. Ko kaza za a yanka sai in shige ɗaki. Da ɗiyata ta zo sai na zama wata iri. Ƙanwata ta taɓa ɗaukarta da hannu ɗaya, ban san lokacin da na kwaɗa mata mari ba.

Da muka yi arba'in, ni da mijina muka fita kai ta gaida kakarta a Old Maiduguri. Na goya ta, na zumbula hijabi na rufe ta ruf, yadda uwata ta ce, saboda rana da bakin mutane. Ba wanda ya tuna cewa a lokacin mata ake ɗaura wa bam a ƙarƙashin hijabi.

A shingen bincike aka sauke mu daga keke, kowa ya taka da ƙafa. Wani ƙaton ɗan sintiri mai gora ya hango tudun bayana.

"Ke, tsaya can. Ɗaga hijabinki."

Mutane suka watse. Wani ya saita mini bindiga. Na buɗe baki in ce jaririya ce, murya ta ƙi fita, ita kuma sarauniyar kuka ranar ta ga damar yin barci. Mutumin ya miƙo gorar daga nesa zai ɗage hijabin, bakin gorar ya daki ƙafar yarinyar. Ta tsala ihu.

Na yi kansa. Na kafa masa haƙora a hannu har na ji gishirin jini. Aka buga mini gindin bindiga a baki, na durƙusa, hannuna ɗaya na tallabe da goyon. Kukanta ne ya hana su harbi.

Da na ɗago ina tofar da haƙori, na nemi mijina. Yana can baya, hannuwansa a sama. Taku uku ne tsakaninmu, na ƙirga. Shi kaɗai a wurin ya san abin da ke bayana. Na tsane shi a lokacin fiye da mai gorar.

A gida ya ɗauki yarinyar yana ta kuka.

"Wallahi ƙafafuna ne suka tafi, ban sani ba," in ji shi.

Na yafe masa tuntuni. Ba uban da ya kai shi ji da 'ya a unguwarmu. Amma har yau, in za mu tsallaka titi mu uku, ni nake riƙe hannunta.