Ɗorawa Uku a Bakin Hanya

Gwaggona, yayar mahaifina, ta fi shekara talatin tana sayar da daddawa a kasuwar Tsafe. Kalwar da take dafawa ba saye take yi ba. Daga gonarta take fitowa, gonar da marigayi mijinta ya bar mata a gefen 'Yandoto, mai itatuwan ɗorawa uku da suka girmi kowa a gidanmu.

Shekarar da gwamnati ta tashi faɗaɗa hanyar da ta bi ta bakin gonar, ina koyarwa a wata firamare a Bungudu. Gwaggo ta sa aka buga mini waya cewa in zo, an shafa wa itatuwanta jan fenti.

Na iso ranar da ma'aikatan ƙiyasta diyya suka zo da igiyar awo. Babbansu mutum ne mai sanyin magana. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya yi bayani: ƙasa a hannun gwamnati take, ba a biyan diyyarta, sai abin da ke kanta. Rani ne, babu komai a gonar sai karan dawa. Ya rubuta itace uku.

"Malam," in ji Gwaggo, "itace ukku kawai ka rubuta? Da itacen ga anka yi ma ɗiyana huɗu kayan ɗaki."

"Inna, wallahi na sani," ya ce. "Mahaifiyata ma daddawa take yi. Amma ni abin da ke takarda nake bi."

Da zai shiga mota sai ya ja ni gefe. Ya ce in rubuta ƙorafi in kai Gusau, in nuna manyan itatuwa ne masu haihuwa duk shekara, kuma gonar ta sha taki. Ya ce mu tafi da shaida.

Shaidarmu wani dattijon Bafulatani ne da ke sauke shanunsa a gonar kowane rani. Shanun su ci kara, su bar mata taki, ba kwabo tsakaninsu. Ko a jikinsa bai ji nauyin binmu ba, shi ya ma biya wa kansa mota.

Sau uku muna zuwa Gusau. Zuwan farko aka ce mai ofishin ya fita, na biyu aka ce takardarmu ba ta iso teburinsa ba. A na uku muka wuni a kan benci har bayan azahar kafin a kira mu. Na fara karanta abin da na rubuta, Gwaggo ta ɗaga mini hannu.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. In na shuka ɗorawa yau, da shekarun ga nawa, ina cin ɗiyanta?"

Mai ofishin ya cire tabarau, ya dube ta. Ya tambayi Bafulatanin, shi kuma ya ce tun gemunsa na baƙi yake sauka a gonar. Aka mayar da itatuwan sahun manya, aka ƙara wani abu saboda gyaran gona. Bai kai abin da ta rasa ba, kuma sai bayan damina ya fito, an riga an sare itatuwan, hanya ta cinye gonar. Ranar saran ba ta leƙa ba. Ta zauna a tsakar gida tana tsince kalwar bara.

Da kuɗin suka shigo hannunta, ta ƙulle wani abu a gefen zane, ta ce in raka ta rugar dattijon. Na ce mata ai sunansa ba ya cikin takarda.

"Takarda ba ta san wanda ya raya gonar ba," ta ce. "Shi ma masauki ya rasa."

Sau biyu yana ture hannunta. Sai da ta ce in bai karɓa ba, ta ɗauka zumuncinsu ya ƙare, sannan ya karɓa yana kallon ƙasa. Matarsa ta cika mana ƙwarya da nono. A ranin nan ya kora shanunsa wajen Wanke, inda ya ji akwai mai gonar da ke neman taki.