Jan Zaren Inno a Shafin Albasa

A makarantar da nake koyarwa a Talata Mafara, malamai sun naɗa ni sarkin karatun na'ura, kuma ba su yi mini ƙage ba. Tun da idona ya fara gardama da ƙananan haruffa na koma wa na'urar nan da ake zuba wa littattafai, in ƙara girman rubutu yadda na ga dama. Yanzu haka littafi uku nake ja a cikinta: wani labarin soyayya da ake sakowa babi-babi, da tarihin garuruwan ƙasarmu, da wani na tarbiyyar yara da na kasa wuce rabinsa. Ko an ɗauke wuta ba ruwana. In na ajiye ta mako guda na dawo, daidai inda na tsaya take buɗe mini. Saboda haka duk ranar da musun takarda da na'ura ya kaure a ɗakin malamai, ni ake jira in yanke hukunci. Sai in yi dariya in ce shayina zai huce. Ban taɓa gaya musu ba cewa littafin da ya fi kowanne nauyi a gidana na takarda ne, kuma kan noman albasa yake magana.

Na Inno ne, kakata ta wajen uba. Asalinta wani ƙauye ne a ƙasar Maradun, wanda ruwan madatsar Bakolori ya shanye tun ba a haife ni ba, sai suka dawo Bakura da zama. Lokacin sanyi, da an ci tuwo bayan magariba, takan haɗa kara a tsakar gida ta hura wuta, ta binne mana dankali a toka, mu yara mu kewaye ta. Ni kuwa wurina daban, jikin gwiwarta, don ni ne maigidanta na wasa.

"Maigidana, matso. Kai da ba ka ba ni ko kuɗin cehwane, amma kai ka cin babban dankali."

Ni na fara ɓata abin. Ina shiga aji ɗaya na dawo da iyayi, na tsaya a gabanta na ce malam ya ce tatsuniya ƙarya ce, abin da ke cikin littafi shi ne ilimi. Na daina zama bakin wuta. Kwana biyu sai ga Inno ta fito da wani littafi daga adakarta, an yi masa bango da takardar buhun siminti, zaruruwa masu launi suna leƙowa daga cikinsa.

"To, ga littahi," in ji ta. "Sai ka zamna."

Na zauna kuwa. Takan lashi yatsa, ta buɗe shafi, ta kara shi kusa da ƙirjinta, ta ce, "Ga ta nan ta hito daga takarda." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta." In ta gama ta rufe ta ce takarda ta yi shiru, kowa ya nemi tabarmarsa. Doka ɗaya ce, ba a leƙa wa babba takarda. Shekara biyu muna haka, ina ta yi wa yaran unguwa fankama cewa kakata daga littafi take ba mu labari, ba irin tasu ba.

Ina aji uku ta ɗauko wata doguwa, ta ce sai an kwana uku ana jin ta. Wai akwai wani gari da Ruwa ya aiko masa da saƙo cewa yana tafe, kowa ya tashi. Mutane suka kwashi hatsi da awaki da tukwane. Wata yarinya marainiya, da yake ba ta da abin ɗauka, sai ta ɗauki ƙwarya ta bi gari. Ta je gindin Tsamiyar Makaɗa ta ɗauki tsakuwa ɗaya. Ta je Rijiyar Gwaggo ta ɗauki ɗaya. Haka bakin kasuwa, haka maƙabarta, haka ƙofar ɗakin da aka haife ta. Kowace tsakuwa sai ta raɗa mata sunan wurin kafin ta jefa a ƙwarya. Mutane suna ta yi mata dariya, wa zai ci tsakuwa?

Da suka kama hanya sai Ruwa ya biyo ta. Duk inda ta zo tsallakawa sai ya tare ta ya ce, "Ba ni ɗaya in bar ki ki wuce." In ta ba shi, nan take sunan wurin ya fita daga kanta, ya fita daga kan duk mutanen garin. A nan Inno takan sauke murya ta yi maganar Ruwa a hankali, kamar mai lallashi, har tsigar jikinmu ta tashi. Daren farko yarinya ta ba da kasuwa. Na biyu ta ba da tsamiya da rijiya. Rana ta uku ta ƙara ba da ɗaya, Inno ba ta faɗi wacce ba, saura tsakuwa ɗaya tal a ƙwarya, ga Ruwa ya sake tare hanya.

A ranar ne aka tsayar da ni gaban aji na karanta shafi guda ban yi tuntuɓe ba, aka tafa mini. Kai ya kumbura. Ina zaune ina jin Inno, amma zuciyata na cewa me zai sa in jira tsohuwa, alhali ni ma zan iya karanto ƙarshen da kaina? Na sulale na zagaya bayanta. Hasken wuta na kan shafin. Na ga hoton ƙofar ruwa ta ƙarfe a bakin magudana, na bi rubutun da ke ƙasa, na ɗaga murya yadda na yi a aji: "A shayar da albasa da sassafe, kafin rana ta yi zafi."

Na fashe da dariya. "Inno, ai babu yarinya a nan! Albasa ce! Ashe ba ki iya karatu ba!"

Ƙananan yara suka taya ni. Inno ba ta juyo ba. Ta gyara jan zaren da ke shafin, ta rufe littafin a hankali.

"Gaskiya ka hwaɗi, maigidana. Ka iya karatu. Allah shi ƙara ilimi." Sai ta ce, "Ku tashi, wuta ta mutu."

Wallahi wutar nan tana ci.

Ba ta yi fushi da ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Ta ci gaba da ajiye mini ƙanzo, ta ci gaba da tsokanata. Amma ba ta ƙara hura wutar tatsuniya ba, ni kuma lokacin ko a jikina, ga ƙwallo ga rediyo. Sai da na tafi makarantar kwana, na dawo hutu na same ta kwance, sannan abin ya faɗo mini. Na ce, "Inno, wai wace tsakuwa ce ta rage a ƙwaryar nan? Ta ba shi?"

Ta yi murmushi ta ja kunnena. "Kai da ka iya karatu? Duba takarda mana."

Na yi dariya, ina ganin hutu na gaba zan matsa mata. Kafin hutu na gaba an kai Inno makwancinta.

Bayan sadakar bakwai Baba ya miƙo mini littafin. Ya ce na kakana ne, irin wanda aka raba wa manoma lokacin da aka fara noman rani. Ya ce kowa a gidan ya sani, shi da iyayenmu mata da yayyena, ba wanda bai san Inno ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Hotunan take bi, kowane zare da tatsuniyarsa. "Don kai ta ɗauko shi," in ji Baba. "Ta ce ba ta son ka tashi daga bakin wuta." Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na girma har na yi aure kafin wata rana mu bi ta gefen madatsa da Baba. Ya tsayar da ni ya nuna tsakiyar ruwa da sandarsa. Ya ce wajen can Tsamiyar Makaɗa take, nan kusa kuma Rijiyar Gwaggo. Ashe ba tatsuniya take ba mu ba, garinsu take damƙa mana wuri-wuri kafin ya fita daga kan kowa. Na tambaye shi ƙarshen labarin, ya ce shi bai taɓa jin sa ba. Na tambayi tsofaffin Bakura da na Maradun, babu wanda ya san shi. Nata ne ita kaɗai, kuma saura abu ɗaya ta miƙo mini na rufe mata baki.

Sanyin bana 'yata Hauwa, wadda ta ci sunan Inno, ta binciko littafin a durowa. Shekararta takwas, karatu kuwa kamar ruwa, har na'urata take sacewa. Ta ce, "Baba, karanta mini wannan mai zaren." Na karɓa. Na lashi yatsa, na buɗe shafin jan zare, na ji bakina yana cewa ga ta nan ta fito daga takarda. Na ba ta yarinya da ƙwarya, na ba ta tsamiya da rijiya. Tana jingine da kafaɗata, ina kallon idonta yana bin layin albasar nan har ƙarshe. Ta ɗago ta dube ni, ta sake duban shafin. Na jira dariyar.

Ba ta yi ba. Sai ta gyara zama ta ce, "To Baba, saura tsakuwa ɗaya. Ci gaba."

Na daɗe ina kallon hoton ƙofar ruwan nan. Ba ni da abin da zan ci gaba da shi.